Yaren da Ɗan Yaya Ke Koyo a Bayan Ƙofa

Yaya Turai,

Ki gafarce ni da zan ɗora miki wannan dogon karatu, alhali na san idonki ba ya son ƙananan baƙaƙe, ga kuma hidimar jikoki. Tun farko ba don ke na rubuta ba, don kaina ne, saboda a garin nan ba ni da wanda zan zauna in faɗa wa. Yanzu na ga babu makawa sai kin gani, shi ya sa na ɗauki hoton shafukan da waya na turo miki. Ban goge komai ba, har abin da nake jin nauyinsa. Duk inda kika ga "ɗan Yaya" kin san wa nake nufi. Ni na haife shi, amma ke kika yaye shi, ke kika riƙe shi, ke yake kira Inna. Ɗan fari ne, bakina bai taɓa kama sunansa ba, ban kuma taɓa zaunar da shi na tambaye shi abin da ke ransa ba. Ki karanta a hankali.

Lahadi, 6 ga Oktoba 2019, da hantsi

Gidan nan na unguwar Al Ras, a nan ƙasar Larabawa, bangonsa kamar kwali ne. In ɗan Yaya ya yi tari a ɗakinsa ina ji a nawa. Tun da na zo maganin gwiwa bayan ƙaramar Sallah na saba da tsarinsa: ya dawo daga Asuba, ya yi karatu kaɗan, ya sha shayi, motar kamfani ta zo ta ɗauke shi zuwa dogayen benayen da suke gyara wa lif, na'urar hawa bene.

Yau babu karatu. Wata murya na ji, ta mace, daga cikin waya, tana faɗin abu a hankali, shi kuma yana bi. Ba Larabci ba ne, ba Turanci ba, ba kuma yaren Indiyawan ƙasan benenmu ba, don shi kunnena ya saba da shi.

Magandang umaga po.

Ban yi niyyar riƙewa ba. Kunnen da ya tashi a gaban allo ne, in abu ya maimaitu sai ya zauna. Ga shi nan ya zauna.

Makonni ke nan ba ya cin abincin kirki. Na ɗauka zafin garin ne.

Litinin, 7 ga Oktoba, bayan Azahar

Yau ma. Salamat po. Kumusta po kayo. Komai sai an liƙa masa po a ƙarshe.

Na dama masa kunun gyaɗa da gyaɗar da matan Kano 'yan kasuwa suka taho min da ita. Ya kurɓa, ya ajiye, ya ce, "Hajiya, na makara." Bai makara ba. Motar ba ta ma zo ba, ta taga na gan shi tsaye a bakin titi yana kallon ƙasa, bakinsa yana motsi.

Talata, 8 ga Oktoba, bayan Magariba

Bai taɓa tuwon ba.

Laraba, 9 ga Oktoba, La'asar

Dinatu ta shigo karɓar daddawa. Maƙwabciyata ce, ƙofarmu na kallon juna, 'yar Kafanchan, tana kula da masu gyaran ɗakuna a wani otal a Deira. Kirista ce, yarinya mai hankali, sai dai bakinta ba ya riƙe dariya. Tana cikin ƙulla leda na ce, kamar abin bai dame ni ba, "Ke Dinatu, mene ne magandang umaga po?"

Ta saki ledar ta dafe ƙirji. "Mama! Ina kika samo yaren 'yan Filifin?"

Na ce a waya na ji. Ba ƙarya na yi ba. Ba kuma gaskiyar duka ba ce, Allah ya sani.

Ta ce ina kwana ke nan, rabin ma'aikatan otal ɗinsu da shi suke gaisawa. Sai ta kalli ƙofar ɗakinsa, ta kalle ni, ta ce, "Ko dai oga injiniya ya yi mana kamu ne? Mama, ki shirya, surukarki gashinta har gadon baya."

Na ce mata ta ɗauki daddawarta. Ta fita tana dariya. Ni ban yi ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba, da yamma

Ya raka ni kantin magani. Ashe garin nan cike yake da 'yan Filifin ɗin, ban taɓa lura ba sai yau. Mai karɓar kuɗi a babban kanti, mai ba da magani, mai tsaron ƙofar mata a jirgin ƙasa na metro. Duk wadda ta yi masa murmushi sai in bi fuskarta da kallo, in dawo in kalli tasa. Ta kantin magani ta ce masa wani abu da Turanci, ya amsa bai ɗaga kai ba. Na ce a raina, rashin ɗaga kan nan ma ai alama ce.

Astagfirullah. 'Yar mutane tana neman abincinta.

Juma'a, 11 ga Oktoba, bayan an sauko masallaci

Zailani ya zo cin abinci. Abokinsa ne tun jami'a, Bakatsine, yana harkar kago, aika wa 'yan kasuwa kaya gida, a kasuwar Murshid Bazaar. Kullum in ya zo gidan cika yake da surutu, yau sai suka ja ƙofar baranda suka tsaya can cikin zafi. Na kai musu ruwa. Kafin in tura ƙofar na ji Zailani yana cewa, "Wallahi wauta ce, habibi. Khalas, an rufe magana, me za ka je yi? Ka mayar musu da tikitinsu."

Ɗan Yaya ya ce, "Rage murya, Hajiya na ji."

Da na shiga sai Zailani ya koma yabon miyar kuka, har da cewa ko a Katsina ba a yin irinta. Yaron nan bai iya ƙarya ba, kunnensa ke motsi.

Tikiti.

Asabar, 12 ga Oktoba, da hantsi

Na roƙi Dinatu ta kawo min wadda suke zama tare, 'yar Filifin ce. Sunanta Nenita. Na zaci yarinya zan gani, ashe sa'ata ce, gajeruwa, da furfura a gaban goshi. Ta yi shekaru tana aiki a gidan Larabawa a Sharjah, saboda haka tana da Larabcin kasuwa. Ni nawa na littafi ne. In na yi magana sai ta ce, "Shwaiya shwaiya, a hankali, Mama, ke kamar mai labarai a talabijin." Inda muka kasa haɗuwa Dinatu ta haɗa mu.

Na zuba musu shayi, na fara karanto abin da na tara a mako. Nenita ta yi ta tafa hannu, wai bakina ya fi na Dinatu da ta shekara da shekaru a cikinsu.

Ga abin da ta ce:

Salamat po, na gode. Kumusta po kayo, yaya kuke. Magkano po, nawa ne. Saan po ang sakayan ng bus, ina ake hawa mota. Para po, abin da ake ce wa direba in an zo wajen sauka.

Dinatu ta ce, "Mama, wannan ai guzurin matafiyi ne. Wa zai yi tafiya?"

Na ce saura ɗaya, mai tsawo. Hindi po ako kumakain ng baboy. Nenita ta yi dariya har da hawaye, ta ce ma'anarsa ba na cin naman alade. Na ce alhamdulillahi a fili. A ciki kuwa lissafi nake. Wanda zai sauka a otal ba ya buƙatar wannan, yatsa kawai zai nuna. Sai wanda za a ajiye wa kwano a cikin gida.

Na tambaye ta po ɗin nan fa. Ta ce girmamawa ce, ga manya ake yi, saurayi ba ya ce wa budurwarsa po. To. Manya zai je gani ke nan, a cikin gidansu, a ƙasarsu. Ni na san irin manyan da namiji ke ƙetare teku ya je gaisarwa.

Lahadi, 13 ga Oktoba, bayan Asuba

Shekara nawa na yi ina koya wa 'yan mata a Islamiyya abin da aka ce game da zato, da laɓe, da bin diddigin sirrin mutane. Yau ga ni zaune a kan darduma, na matsar da ita jikin bango.

Ba auren nake ƙi ba, Allah shaida. In musulma ce, ko ma 'yar ahlul kitabi ce ta kirki, ai sai a zauna a yi magana. A yi magana da wa? Da ni ba zai yi ba, ni ma ba zan fara ba. Amma Inna tana Kano da waya a hannu. Baffanninsa suna raye. A ce an yanki tikiti babu wanda ya sani?

Litinin, 14 ga Oktoba, Azahar

Na shiga share ɗakinsa. Fasfonsa yana kan tebur, a fili, ba ɓoye shi ya yi ba. Na buɗe. Akwai sabuwar biza a ciki, na iya baƙaƙen boko daidai gane sunan ƙasa.

Ba zan rubuta abin da hannuna ya yi ba. Buhun shinkafar da ke kicin dai na ɗaure bakinsa da kyau.

Talata, 15 ga Oktoba, bayan Magariba

Ya daɗe yana jan durowa yana rufewa. Ya ɗaga katifa, na ji faɗuwarta. Can ya zo bakin ƙofata ya tsaya, bai shigo ba, dama ba ya shigowa.

"Hajiya, ko da kika yi shara kin ga fasfo a kan tebur?"

Carbi na hannuna. Na ce, "A duba da kyau."

Ya ce, "To." Ya koma.

Na yi ta juya maganar. A duba da kyau. Babu ƙarya a cikinta ko ta harafi ɗaya. Me ya sa to na kasa haɗa ido da darduma?

Laraba, 16 ga Oktoba, da rana

Taliya na dafa.

Alhamis, 17 ga Oktoba, La'asar

Bai daina koyon ba. Mutumin da fasfonsa ya ɓata, amma da Asuba yana nan yana bin muryar. Tao po. Tao po. Sai kuma Nanay.

Na tare Nenita a bakin lif za ta tafi aiki. Ta ce tao po shi ne sallamarsu in an zo ƙofar gidan mutane. Nanay kuwa uwa. Ta dafa kafaɗata ta ce, "Ke Nanay." Na janye kaɗan, ban sani ba ko ta lura.

Ni Hajiya ce. Yaya ita ce Inna. Yanzu an sami ta uku, tun ba a gan ta ba an ba ta suna.

Da yamma wata ta kira shi. Wannan ba muryar koyarwa ba ce, mai rai ce, yarinya. Da Turanci suka yi, ƙasa-ƙasa. Abu ɗaya na tsinta don ya maimaitu: Rodel. Ko sunanta ke nan? Sunayensu ba a gane na mace da na namiji.

Juma'a, 18 ga Oktoba, bayan Azahar

Ya zazzage jakunkuna duka a tsakar ɗaki. Har ƙarƙashin kujerar da nake zaune ya leƙa, ya ce in yi haƙuri in ɗaga ƙafa. Na ɗaga. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Zailani bai zo ba.

Asabar, 19 ga Oktoba, da yamma

Bari in rubuta yadda abin ya faru.

Akwai guda biyu da yake bari sai ƙarshe. Ɗaya ta ba ni wuya, kwanaki ina tsintar ta gaɓa-gaɓa, don shi kansa yana tuntuɓe a cikinta. Ɗayar gajeruwa ce, amma in ya zo kanta muryarsa takan shige ciki. Yau na haɗa su, na ƙwanƙwasa ƙofar su Dinatu. Suna zaune a ƙasa suna cin kifi da shinkafa, Nenita ta ce, "Yalla Mama, karatu!"

Na ce, "Nakikiramay po ako."

Ta tsaya da lomar a hannu.

Na ce, "Patawad po, Nanay."

Ta ajiye lomar. Ta taɓa goshinta da ƙirjinta da kafaɗu yadda suke yi. Ta ce da Larabci, "Wa ya mutu?"

Na kalli Dinatu. Dariyar ta tafi daga fuskarta. Ta ce, "Mama, ta farkon ta'aziyya ce. Ta biyun, ki yafe min, uwa."

Nenita ta tambayi aikin da ɗan Yaya yake yi. Na ce lif. Ta ce ko na taɓa jin wani suna. Na ce Rodel. Sai ta rufe baki da hannu, ta juya wajen Dinatu ta yi ta zuba da Turanci, da sauri. Dinatu tana juya min: namiji ne, mai gyaran lif, ɗan wani ƙauye a yankin da ake kira Batangas. A watan jiya abin ya faru, a wajen aiki, a wani bene da ba a gama ba. A cocinsu aka yi karo-karo aka raka gawar filin jirgi. Uwarsa tsohuwa ce, shi ke riƙe da ita.

Nenita ta ci gaba, Dinatu ta yi shiru. Na ce, "Me ta ce?"

"Babu komai, Mama."

"Dinatu, bakinta ya yi tsawo, naki ya yi gajere. Me ta ce?"

Ta sunkuyar da kai. "Wai an ce ba ranar aikinsa ba ce. Abokinsa ne ya roƙe shi ya tsaya masa, yana da uzuri a gida."

Na tambayi ranar. Alhamis, tsakiyar Satumba.

Kafin in tashi Nenita ta ƙara wani abu. Ashe su ma suna yin arba'in. Dangi su taru, a yi addu'a, a ci abinci, daga nan a ce mamaci ya tafi. Na lissafa da yatsu a ƙarƙashin hijabi. Litinin ta sama ce.

Lahadi, 20 ga Oktoba, da hantsi

Alhamis ɗin nan ta Satumba, ranar zuwana wajen likitan gwiwa ce.

Dinatu ta ce za ta raka ni, hutunta ne. Na ce ba na son ɗora wa 'yar mutane wahala. Na ce a gaya wa ɗan Yaya, ko zai samu dama. Muna zaune a layi wayarsa ta yi ta ƙara, ya ga an kira sunana, ya kashe ta ya kama min jaka.

Litinin, 21 ga Oktoba, bayan La'asar

Na taka da ƙafata har Murshid Bazaar. Ban taɓa zuwa ni kaɗai ba. Masu tura kaya suna ta ihun yalla yalla a ba su hanya, kwalaye sun fi mutum tsawo, ƙarar salatif ko ta ina. Na sami Zailani a ƙofar shagonsu yana rubuta sunan wata Hajiya a jikin dila. Da ya gan ni alƙalamin ya faɗi. Ya kori yaransa, ya goge min kujera da hularsa.

Na ce, "Zailani, na ji sunan Rodel."

Ya ce, "Hajiya, kamfani sun yi bincike, hukuma ta yi nata. Babu laifinsa ko ɗaya, a rubuce. Canjin aiki kowa yana yi. Khalas."

Na ce, "Me ya faru a benen?"

Ya ce, "Wannan kam ki bar shi. Ni ma da na ji na yi da-na-sanin ji."

Na ce, "To me zai je yi?"

Ya yi tsaki, sannan ya ba ni haƙuri. "Cewa ya yi shekara huɗu suna cin abinci a kwano ɗaya a kan bene, wai wanda ka ci da shi ba a yi wa uwarsa gaisuwa ta waya. Na ce ya tura abin da zai tura, ya tura ɗin, bai ishe shi ba. Na ce habibi, nan ba Kano ba ne da za ka shiga zaure ka tsuguna a ce an gode. Ƙanwar mamacin ita ke cewa ya zo. Amma akwai wansa, ya turo maganganun da ba zan maimaita a gabanki ba. Ƙauye ne, sai an bar Manila an yi tafiyar mota mai nisa. Babu Bahaushe, babu wanda ya san shi. In wani abu ya faru wa za mu kira?"

Ya rage murya ya ce, "Na ji fasfo ya ɓata. Duk wanda ya tsince shi, Allah ya yi masa albarka, ya bar shi inda yake har Talata ta sama, arba'in ɗin ta wuce."

Bai kalle ni ba da ya faɗa. Ni ma ban kalle shi ba. Ya sa aka raka ni har gida.

Talata, 22 ga Oktoba, bayan Asuba

Yaya aka yi Zailani ya sani? Ko ɗan Yaya ne ya gaya masa? In haka ne, shi ma ya sani ke nan, ya kuma yi shiru, yana ta ɗaga katifa don kada in ji kunya.

Ita kuma ƙanwar, me ya sa take ta kira? Ko wan ne ya sa ta? Ko wani abu ne daban?

Talata, bayan Magariba

Na ɓoye fasfon a kan zato, zaton ya tashi a banza. Yanzu ina riƙe da shi a kan tsoro. Ban sani ba ko wannan ya fi wancan halasci.

Yau bai nemi komai ba. Ya zauna a falo, fitila a kashe, har aka kira Isha.

Laraba, 23 ga Oktoba, da hantsi

Na kira Nenita ita kaɗai, ban so Dinatu ta tace min. Muka yi da Larabcinmu mai ɗingishi.

Na ce, in baƙo ya je gaisuwar mutuwa a wajenku, me yake yi? Ta ce ya tsaya a ƙofa ya ce tao po. In an shigar da shi, ya nufi wadda ta fi kowa tsufa. Sai ta miƙe ta kama hannuna na dama, ta sunkuya, ta ɗora bayansa a goshinta. Ta ce, "Mano po. Haka. Kafin magana, kafin zama. In bai yi ba za su ce ba shi da uwa."

Na ce, ki gaya min tsakaninki da Allah, za su taɓa shi?

Ba ta yi saurin amsawa ba, shi ya sa na yarda da ita. Ta ce, "Uwar ba za ta taɓa shi ba. In ya riga ya kama hannunta, babu mai taɓa shi a cikin gidan. A hanya, ban sani ba, Mama. Ban san wan ba."

Ta ce ita ma ɗanta yana kan jirgin ruwa, shekara biyu ba ta gan shi ba. Ta ce in wani abu ya same shi, tana so ko mutum ɗaya da ya ga fuskarsa a ƙarshe ya zo ya zauna a gabanta. Ko da za ta zage shi.

Na ba ta daddawa. Ta shinshina ta yamutsa fuska, ta karɓa don kunya.

Alhamis, 24 ga Oktoba, bayan Isha

Na dafa shinkafa.

Na ciro fasfon na kakkaɓe shi, na goge da tsumma, amma ƙamshin buhu ya riga ya kama shi. Na ajiye a gefen farantinsa. Kusa da shi na ajiye atamfar da na taho da ita ban ɗinka ba, da dabino, da turaren wuta na Al Ras.

Ya fito ya gani. Ya tsaya. Ni ina can gefe na juya wa tebur baya ina ninke abin da ba ya buƙatar ninki. Na ce wa bango, "Ba a zuwa gidan rasuwa hannu rabbana. Zanen na tsohuwar ne."



Na ce, "An ce in an shiga, kafin a zauna, ana kama hannunta a ɗora a goshi. Gara a gwada tun a nan, kada a je a yi abin kunya a gaban mutane."

Na miƙa hannun ta gefe, ban juyo ba. Na ji ya tako. Na ji gwiwarsa ta taɓa ƙasa. Ya kama hannuna da nasa biyu, ya ɗora a goshinsa. Goshin da zafi kamar mai zazzaɓi. Rabon da fatata ta taɓa tasa tun ranar da Yaya ta goya shi ta fita da shi daga gidanmu na Yakasai.

Ya ce, "Mano po." Bai saki ba.

Na ce, "Ɗayar kuma, ana hanzari a cikinta. Ba nakiramay ba ce. Na-ki-ki-ramay. Ki ɗin biyu ne."

Ya ɗago. Wani sauti ya fito masa, ban san ko dariya ba ce. Ya ce, "Hajiya, tun yaushe?"

Na ce, "A ci abinci, zai huce."

Ya cinye. Ya ƙara.

Juma'a, 25 ga Oktoba, da hantsi

Yaya, iyakar abin da na rubuta ke nan. Jirginsa gobe Asabar ne da yamma.

Kada ki zaci hankalina ya kwanta. Ban yarda da wan nan ba, ban yarda da hanyar ba, ita ma ƙanwar ban gama yarda da ita ba. Zailani ya ce na yi kuskure, wataƙila gaskiyarsa. Na mayar da abin da ba nawa ba ne, iyakacina ke nan. Hanawa ko bari ba a hannuna yake ba, a naki yake. In kika ce ya zauna zai zauna, bai taɓa tsallake maganarki ba.

In kuwa kin bar shi, akwai abin da nake so ki faɗa masa, don ni bakina ba zai iya ba. Ki ce masa ranar nan ni na ce a kai ni asibiti, alhali akwai mai raka ni. Kada ya ɗauka shi kaɗai. In ya tsuguna gaban matar nan zai ce patawad po, ya faɗa sau biyu, ɗaya tawa ce. Sannan ki sa masa albarka da sunansa, yadda zai ji.

Don Allah ki amsa min da wuri, yau in da hali. Wayar tana hannuna.

Ƙanwarki,
Ummulkhair